Yarjejeniyar Laburare da Kamfanin Waje: A Kotun Wa Za a Yi Shari'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ma'aikacin laburare ne ni a wata kwaleji a nan Kano. Za mu biya kuɗin shiga rumbun mujallun ilimi na wani kamfanin Turai, sai na ga an rubuta a ƙarshen takardar cewa duk saɓanin da ya taso, kotun Ingila ce za ta raba. In danna amincewa, ko akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaga hannunka tukuna, ka kai wa lauyan makarantarku takardar. Dannawar nan na iya ɗaure kwalejin gaba ɗaya.

Abu biyu ake cusawa a wannan sakin layi: dokar ƙasar da za a fassara yarjejeniyar da ita, da kuma garin da kotu za ta zauna. Dubi manyan masu rumbun mujallu: Elsevier na Amsterdam, JSTOR na New York, kowa kuwa ya fi son shari'a a ƙofar gidansa.

Ga inda sha'anin kwamfuta ya shigo. Kamfanin yana gane makarantarku ne ta lambar IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, ko kalmar sirri. Ɗalibi ɗaya ya watsa kalmar sirrin a WhatsApp, ko ya sa manhaja ta kwaso dubban muƙalu cikin dare, sai na'urarsu ta toshe kowa, har mai rubuta kundin digiri na uku da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kun biya da dala, an rufe ku, kuma neman haƙƙi sai a Landan, da lauyan da ake biya da fam. Wannan ne ke damuna ƙwarai.

Kada a ce ai kotun gida za ta cece mu. A shari'ar Sonnar da Nordwind ta 1987, Kotun Ƙoli ta yarda a saurari ƙara a Najeriya duk da takarda ta ce Jamus, amma saboda wa'adin shigar da ƙara ya riga ya wuce a can. Galibi alƙali kan riƙe mutum da abin da ya sa wa hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta ba laburare wasu sassauci, sai dai da wuya alƙalin Ingila ya yi aiki da su idan kun zaɓi dokarsa.

A ganina, ku fara neman a sa dokar Najeriya. In sun ƙi, a goge sakin layin baki ɗaya, ko a rubuta cewa mai ƙara zai bi wanda yake ƙara zuwa ƙasarsa. Laburarorin jami'o'in Amurka da yawa haka suke ciniki. Ku kuma nemi a rubuta cewa za a sanar da ku kafin toshewa, kuma na'urar mai laifi kaɗai za a rufe. Kafin ku fitar da ko kwabo, duba Research4Life, shirin da ke ba ƙasashe masu tasowa mujallun ilimi kyauta ko da rahusa, wataƙila mujallun da kuke nema suna cikin sassansa na Hinari (lafiya) ko AGORA (noma).