Kifi na kuɓuce maka dab da kwale-kwale? Dubi ƙugiyar kafin ka zaɓi sanda

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka: ka sayo kifin roba mai leɓe, irin wanda ke nutsewa yana kaɗa jiki in ana naɗe zare, kifi na cafka amma sai ya kuɓuce dab da kwale-kwale, kana son sanin ko laifin sanda ne ko na ƙugiya. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai a tafkin Madarumfa na jihar Maradi, shi ya sa na ce bari in ba ka amsa a tsanake.

Ƙarfin sanda daban, inda take lanƙwasa daban. Kafa kanta a kan tabarma ka danna a hankali. In tsinin kaɗai ya rusuna, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ya tsaya ƙyam, mai taurin baya ce. In ta lanƙwasa har tsakiya kamar baka, mai laushi ce. Ana samun sanda mai ƙarfin gaske kuma mai laushi, musamman ta faiba, wato wadda aka yi da zaren gilashi.

Yawancin kifin roban nan da ƙugiya mai baki uku suke zuwa. Wayarta siririya ce, bakinta ƙarami, ba ta shiga can ciki. Sau da yawa fatar leɓe take kamawa, wani lokacin ma daga wajen baki. To giwan ruwa in ya ji ƙarfe sai ya tumo sama, ya hangame baki yana girgiza kai, nauyin roban yana taya shi fizga. Sanda mai tauri ba ta bin wannan girgizar. Ko dai ta yaga wurin da ƙugiyar ta kama, ko zaren ya yi sako-sako na ƙiftawar ido, shi ke nan ya tafi. Wata safiya cikin sanyi na ja wani babba har ina ganin farin cikinsa, ya tumo sau ɗaya, roban ya dawo mini ta sama. Da na duba, baki ɗaya na ƙugiyar ya miƙe. Tsohon masuncin da ke tuƙa ni ya karɓi sandar ya murɗa ta, ya ce, “Malam, wannan ai taɓarya ce.” Daga ranar na koma mai laushi. Ita kullum a lanƙwashe take, kifi ya ja ta bi shi, ya saki ta dawo, zare bai taɓa kwantawa ba. Kuma giwan ruwa zuƙe abincinsa yake, laushin yana ba shi damar haɗa baki kafin hannunka ya ƙwace. Kar ka fizga sama in ya cafka. Ci gaba da naɗi, ka karkata sandar gefe, ƙugiyar za ta shige da kanta.

Ƙugiya mai baki ɗaya kuwa wata magana ce. Ni ina canza wa robana ita in ruwa ya yi ciyawa, don ba ta cika sarƙewa ba, kuma ta fi sauƙin cirewa cikin ƙaramin jirgi inda kifi ke fatal-fatal kusa da ƙafarka. Wayarta ta fi kauri, sai da ƙarfi take huda, amma in ta zauna a kusurwar muƙamuƙi ta zauna. Nan sanda mai laushi sosai za ta cuce ka, don ƙarfin hannunka a cikin lanƙwasar zai ƙare bai kai ga ƙugiya ba. Nemi mai ɗan taurin baya. Masu zuwa kogin Kwara neman kifin nan tsage sun san wannan, bakinsa ƙashi ne da haƙora. In ka canza ƙugiya, fara jan roban a bakin gaɓa ka gani, don nauyi in ya sauya rawarsa ma tana sauyawa.

Zare ma yana da hannu a ciki. Nailan yana miƙewa, zaren kitso kusan ba ya yi. Haɗa zaren kitso da sanda mai tauri da ƙugiya mai baki uku, nan aka fi asarar kifi, kuma ina zargin haka naka yake. In ba halin sayen wata sanda yanzu, sa nailan, ka sassauta burkin muline, wato abin naɗe zare, yadda zare zai fita in kifi ya fizga.

In guda ɗaya za ka saya, ni zan ce mai tsawon mita 2.10, wadda aka rubuta gram 10 zuwa 30 a jikinta, wato nauyin roban da ya dace a jefa da ita, mai lanƙwasa har kusa da tsakiya amma gindinta da ƙarfi. Da irinta nake aiki da ƙugiyoyin biyu. Danna taka a kan tabarma ka turo mana hoto, ka kuma faɗi irin zaren da ke kanta.