Maɓallan ƙasan wayata sun ɓace: amsoshi kan sarrafa waya da jan yatsa

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan yatsa da fuskar waya suke. Ga biyar daga ciki.

Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: "Malam, na sayi sabuwar Infinix a Farm Centre, sai na tarar babu maɓallai ukun nan na ƙasa. Ko yaron shagon ya cuce ni ne?"

Alhaji, babu wanda ya cuce ka. Maɓallan ɓoye su aka yi, aka maye gurbinsu da jan yatsa. Kamfanin Apple ya cire maɓallin tsakiya a iPhone X a 2017, Google kuma ya kawo cikakken tsarin a Android 10 a 2019. Abu uku ne kacal. Ka ja yatsa daga ƙasan fuskar wayar zuwa sama, ka koma gida. Ka ja ka ɗan tsaya a tsakiya, manhajojin da ka buɗe su jeru. Ka ja daga gefen dama ko hagu zuwa ciki, ka koma baya.

Na ukun ne zai ba ka haushi. Kana nuna wa kwastoma hotunan atamfa a WhatsApp, ka ja daga can bakin gefe, sai wayar ta ɗauka baya kake son komawa, ta fice. Ka riƙa fara jan daga tsakiyar hoton. Idan bayan mako guda hannunka bai saba ba, shiga saiti, sashen tsarin waya, ka nemi wajen zaɓar yadda ake komawa baya, ka dawo da maɓallanka. Ni kaina duk wayar da zan miƙa wa dattijo, da maɓallanta nake miƙa ta.

Daga wani ɗalibi a Rijiyar Lemo: "Abokina ya turo min wata manhaja ta hanyar Xender. Idan ka zana harafi a sikirin sai ta buɗe maka abin da kake so. Amma tana neman izinin ganin abin da ke fuskar wayar da sarrafa ta. In ba ta?"

Ƙanena, kada ka ba ta. Bari in gaya maka abin da take nema. A cikin Android akwai wata ƙofa da aka tanada domin masu buƙata ta musamman, kamar makafi da waɗanda hannunsu ba ya iya danna waya. Duk manhajar da ta shiga ta wannan ƙofa tana iya karanta rubutun da ke fuskar wayarka, tana kuma iya danna maɓalli a madadinka. Manhajar jan yatsa ta gaskiya ma sai da wannan izinin take aiki, domin ta nan ne kawai za ta iya danna maka "koma baya". Matsalar ita ce ɓarayin asusun banki su ma ta wannan ƙofar suke shigowa: manhajar ta karanta lambar sirrin da banki ya turo maka ta saƙo, ta danna abin da ba kai ka danna ba. Shi ya sa tun daga Android 13, a 2022, waya kan toshe wannan izini ga manhajar da aka ɗora daga fayil, sai mai wayar ya je da kansa ya buɗe. Idan ka ga wayarka ta ƙi, ba lalacewa ta yi ba, kuma duk wanda ya ce zai nuna maka yadda ake kauce wa toshewar, ka tambaye shi wa ya rubuta manhajar. Abokinka bai sani ba, wanda ya tura masa ma bai sani ba.

Abin dariyar shi ne, yawancin abin da kake nema yana cikin wayarka tun daga kamfani. A Tecno da Infinix da Xiaomi, jan yatsu uku zuwa ƙasa yana ɗaukar hoton fuskar waya. A Samsung, gefen tafin hannu ake gogawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙwanƙwasa sikirin sau biyu yana tada wayoyi da dama daga barci, wasu Tecno da Infinix ma suna da zana harafin da kake sha'awa. Masu iPhone, tun iOS 14 a 2020, suna iya ƙwanƙwasa bayan wayar ta yi musu aiki. Ka bi saiti a tsanake tukuna. Idan babu, kuma lallai sai ka samu, to ta Play Store, ba a wayar da manhajar bankinka take ba.

Daga wata uwa a Gwale: "Idan na sa wayata a caji sai ta riƙa danna kanta, har kira take yi."

Hajiya, da cajar za ki fara. Fuskar wayoyin yanzu ba nauyin yatsa take ji ba, ɗan canjin lantarkin da jikin mutum ke haifarwa take aunawa. Caja marar kyau tana turo wuta mai hargitsi, sai wayar ta ɗauka yatsa ne. Ki zare cajar: idan dannawar ta tsaya, kin kama mai laifi, ki canza kan cajar da igiyarta. Idan ba ta tsaya ba, ki goge sikirin ɗin da busasshen ƙyalle, domin gumi da ɗigon ruwa su ma suna ruɗa shi, sannan ki cire gilashin kariya in ya tsage. Amma idan kika ga bayan wayar ya ɗago ko sikirin ɗin ya fara ɓallewa daga jikinta, batir ne ya kumbura. Ki daina caji nan take ki kai wa mai gyara.

Da hunturu akasin haka ake samu: yatsa ya bushe ya yi kaushi, a taɓa waya ta yi shiru. Ɗan mai a hannu, a goge, ya isa.

Daga wani mai adaidaita sahu a Kurna: "Wayata ta fara magana da Turanci, duk abin da na taɓa sai ta zagaye shi da layi ta ƙi buɗewa."

Ba aljanu ba ne, ɗan'uwa, TalkBack ce ta kunnu, wataƙila a aljihu. An yi ta ne domin makafi, kuma da ita da yawansu suke karanta saƙo su yi kira ba tare da sun nemi kowa ba. Idan tana kunne, taɓawa ɗaya zaɓa ce kawai, sai ka ƙwanƙwasa sau biyu abu ya buɗe, kuma da yatsu biyu ake jan shafi. A wayoyi da yawa, ka danne maɓallin ƙara murya da na ragewa tare na daƙiƙa uku, za ta mutu. Idan ba ta mutu ba, ka lallaɓa da ƙwanƙwasa biyu-biyu har cikin saiti ka kashe ta. Ba sai an yi wa wayar filashin ba.

Daga wata mai sana'ar waina a Hotoro: "Hannuna kullum cikin ƙullu yake. Akwai manhajar da zan kaɗa hannu a iska ta ɗaga min kira?"

Manyan kamfanoni sun gwada. Samsung Galaxy S4 ta zo da shi a 2013, Google ya saka ƙaramar na'urar rada mai gane motsin hannu a wayarsa Pixel 4 a 2019, ya cire ta a wayar da ta biyo baya. Wasu daga cikin manhajojin da ke yi miki alkawarin haka da kyamarar gaba suke kallon hannunki, su zuƙe batir, kuma da asuba, lokacin da kike suya, babu isasshen hasken da za su gani. Ki sayi abin sawa a kunne mai maɓallin amsa kira. Kafin nan, ki lanƙwasa yatsa ki taɓa da bayan gaɓarsa, inda ƙullu bai kai ba.