Hukuncin bin ayarin yawon buɗe ido zuwa ƙasashen waje bayan ritaya

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na yi ritaya, an biya ni kuɗin sallama, fansho kuma yana shigowa. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye yana haɗa ayarin dattawa zuwa Sifaniya da Turkiyya na kusan mako biyu, da jagora, su za su kama otal, su shirya abinci da motoci. Ina so in tafi da maiɗakina, akwai kuma ƙawarta da mijinta ya rasu, tana so ta bi mu. Ni na sauke farali, maiɗakina ba ta je ba tukuna. Babban ɗana ya ce wannan almubazzaranci ne, wai kuma ba a ɗaura niyyar tafiya sai zuwa masallatai uku. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa albarka a sauran rayuwa, ya sa hutun nan ya zama na lafiya da ibada.

Asalin tafiya don ganin ƙasa da hutawa halas ne. Allah yana cewa a Suratul Ankabut, aya ta 20: "Ka ce, ku yi tafiya a cikin ƙasa, ku duba yadda ya fara halitta." A Suratul Mulk, aya ta 15, ya ce shi ne ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya a sassanta, mu ci daga arzikinsa. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ciyar da iyali da guminsa, idan ya so ya ga duniya da abin da ya rage masa na ƙarfi, ban ga dalilin hana shi ba. Amma wannan halascin yana tafe da sharuɗɗa, kuma a irin tafiyarka kusan dukkansu suna cikin takarda ɗaya, wato jadawalin da kamfanin ya tsara.

Bari in fara da maganar ɗanka. Hadisin da ya kawo ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi: ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku, Masallacin Harami, Masallacin Annabi (SAW) da Masallacin Aƙsa. Sai dai magana ce kan tafiyar ibada, wadda mutum zai nufi wani wuri yana ganin salla a can ta fi lada. Ba ta shafi fatauci, neman ilimi, zumunci, neman magani ko ganin gari ba. Da ta shafe su, da malaman hadisin da suka adana mana wannan hadisin kansa ba su keta Hurasan da Sham da Masar ba. Saboda haka idan ka tsaya a Masallacin Sultan Ahmad a Istanbul ka yi salla don lokaci ya riske ka a can, babu laifi. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ƙudurta cewa wurin yana da wata falala ta daban da shari'a ba ta ba shi ba.

Batun almubazzaranci kuwa yana duba halin mai kuɗin. Idan akwai bashi a wuyanka, ko 'ya'yan da karatunsu da aurensu ke jiranka, ko kuɗin sallamar nan shi ne madogararka idan rashin lafiya ta zo, to ɗanka yana da gaskiya, kuma biyan bashi yana gaba da komai. Mai ritaya ya sani cewa kuɗin sallama sau ɗaya ake ba da shi. Idan kuwa haƙƙoƙi sun fita, zakka ta fita, abin da za ka kashe rara ce, ba a kiran wannan almubazzaranci.

Hajjin maiɗakinka ba wajibi ba ne a kanka ka biya, malamai ba su lissafa shi cikin ciyarwar da ta hau kan miji ba. Idan ita tana da dukiyar da ta isa, farali ya hau kanta, bai kamata ta zuba kuɗinta a yawo ta bar shi ba. Idan kuma aljihunka ne kawai, kuma ba zai ɗauki tafiya biyu ba, shawarata ba ɓoye-ɓoye: ka kai ta Makka. Matar da ta zauna da kai tsawon shekarun aiki ta cancanci wannan, kuma ɗawafi da sa'ayi da jifa suna son ƙafa mai ƙwari, shekaru kuwa ba sa jira.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Wanda ya yi tafiya shi kaɗai, lokacinsa a hannunsa yake. Wanda ya shiga ayari ya miƙa wa jagora lokacinsa: shi zai ce a tashi ƙarfe bakwai, shi zai ce minti ashirin kawai za a tsaya a hanya, shi ya zaɓi inda za a ci abincin dare. Jagoran nan mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma ba da lokutan salla ya tsara ranarsa ba. Don haka kafin ka biya ko kuɗin kafin alƙalami, ka karɓi jadawalin a rubuce, ka bi shi rana-rana. A irin waɗannan tafiye-tafiye ana yawan saka ziyarar gonar inabi don ɗanɗana giya, da daren kallon raye-raye, da cin abinci a jirgin ruwa a mashigin Bosforus na Istanbul inda ake kawo mata masu rawa. Sau da yawa ana rubuta su a matsayin na ganin dama. Ka tambaya ko za ka iya zama a otal a wannan daren. Idan an yarda, tafiyarka tana nan a halas. Idan kuwa irin wannan ne ƙashin bayan shirin, ko babu yadda za ka kauce, ka nemi wani ayarin. Akwai kamfanonin da ke shirya wa Musulmi nasu da abincin halal da tsayawar salla.

Teburin abinci shi ne jarrabawar kowace rana. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagaya giya a kansa. A ayari akan jera mutane a dogon tebur, a dire kwalabe a tsakiya ba tare da an tambayi kowa ba. Ka gaya wa jagora tun ranar farko, cikin ladabi, cewa ku kuna son ƙaramin tebur naku. Wannan roƙo ne da suka saba ji. A Sifaniya naman alade yana shiga abinci da yawa, har wanda ido ba zai gane ba, to kifi da ƙwai da kayan lambu sun ishe ku, kuma ka riƙa tambayar da me aka dafa.

Salla ba ta faɗuwa, amma Allah ya sauƙaƙa. Muddin ba za ku kwana huɗu cikakku a gari ɗaya ba, kuna cikin hukuncin matafiya: Azahar, La'asar da Isha raka'a bibbiyu. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya an karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa ta wasa ce zalla, amma Hanbalawa sun fito fili sun ce tafiyar shaƙatawa halas ce kuma ana ƙasaru a cikinta, kuma wanda ya fita da niyyar lura da ayoyin Allah ba ɗan wasa ba ne. Kuna iya haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha. Ka yi amfani da wannan da lissafi: idan ka ga mota za ta tashi bayan rana ta karkata kuma ba za ta tsaya ba sai dare, ka haɗa su tun a lokacin Azahar. Ka fita otal da alwala, da ƙaramar darduma a jaka. Farilla a kan kujerar mota ba ta yi ga mai iya sauka ya tsaya, sai in lokaci zai fita kuma babu hanya.

Wuraren tarihi kuwa, nan ne tafiyar ke iya zama lada. Babban masallacin Ƙurɗuba (Cordoba) a Sifaniya, wanda sarki Abdurrahman Ad-Dakhil ya fara ginawa wajen shekarar 785, ya koma coci tun 1236, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Ka shiga ka gani, ka bi dokar masu wurin, kada ka ta da rigima da sunan kishin addini. Biza alƙawarin aminci ce, Musulmi kuwa ba ya saɓa alƙawari. A Garnaɗa (Granada), ita ma a Sifaniya, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492, akwai masallaci da aka buɗe a 2003 a kan tudun da ke fuskantar fadar Alhamra, can za ka yi sallarka. Shiga coci don gani malamai sun yi saɓani a kai. Buhari ya kawo cewa Umar ya ƙi shiga saboda hotuna, Ibn Abbas kuma yakan yi salla a cocin da babu su. Idan ka shiga, kada ya zama lokacin ibadarsu, kada ka kunna kyandir ko ka rusuna.

Inshorar lafiya da ake nema kafin a ba da bizar Shengen (bizar shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai), wadda sai ta iya biyan magani har na Yuro 30,000, kada ta dame ka. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta haramta inshorar kasuwanci a zamanta na Jidda a 1985, amma abin da doka ta tilasta ba laifin wanda aka tilasta ba ne. Idan ka samu ta takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakon juna, wadda ofishin jakadanci ya yarda da ita, ta fi.

Saura ƙawar maiɗakinka. Kai ba muharraminta ba ne, kuma hadisin da ya hana mace tafiya ba muharrami yana cikin Buhari da Muslim. Malikawa sun yi sauƙi da amintaccen ayari a hajjin farilla. Al-Baji, malamin Malikiyya na Andalus (Sifaniya ta zamanin Musulmi), ya ce tsohuwar da ta wuce sha'awa tana iya kowace tafiya, amma Nawawi bai yarda da shi ba. Tunda wannan tafiya ba farilla ba ce, ba kuma larura ba, abin da na rinjayar shi ne ta taho da ɗanta, ko ƙaninta, ko jikanta baligi. Bayan bin hadisi, idan ciwo ya kwantar da ita a garin da ba ta jin harshensu, ayari zai wuce gari na gaba bisa jadawali, kuma dole a samu nata wanda zai tsaya a kanta. Idan kuma iddar rasuwar mijinta, wata huɗu da kwana goma, ba ta cika ba, ba za ta yi wannan tafiya ba ko da muharrami.

Wallahu a'alam.