Jakar ulu ta ƙi curewa bayan wanki

Hajiya, kin ce kin saƙa jaka da zaren da kika saya a kasuwar Kejetiya ta Kumasi, kin wanke ta da ruwan zafi don ta cure, wato saƙar ta manne ta tsuke ta yi kauri, amma ko motsi ba ta yi ba. Zaren nake zargi. Gashin tumaki zalla ne ke curewa, akirilik kuwa roba ne, ko dafa shi kika yi ba zai cure ba. Ki ƙona guntu ki gani: ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa na murmushewa a yatsa, na roba narkewa yake ya daskare. Wanda aka rubuta wa superwash, wato ulun da aka sarrafa don kada ya cure a wanki, shi ma ki bar shi. In sabo ya yi wuya, warware tsohuwar suwaitar ulu ta gwanjo.

Ki saƙa sakwa-sakwa, zare biyu a haɗe, da allura mai kaurin milimita 8. Jakar za ta tsuke wajen kashi ɗaya cikin uku a tsayi, faɗi bai kai haka ba, don haka ki ƙara tsawo. Fara gwada ɗan ƙyalle mai dukkan launukan, domin ja yakan zuba, fari kuma yakan yi jinkiri sai jakar ta karkace.

Ruwa mai zafin digiri 60, sabulu kaɗan, ki cuɗa sosai, ki tsoma a ruwan sanyi, ki maimaita har idon saƙar ya ɓace. Cusa mata kwali a cikin leda, ta bushe a inuwa. Hannun kuwa ki ninka shi, don shi ke fara miƙewa.