Na'urar awona ta ƙi magana da sabuwar kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai awon filaye ne. Na sayi kwamfuta mai Windows 11, tsohuwar manhajar da nake sauke awo da ita ta hau, amma ba ta ganin na'urar idan na jona ta da adaftar USB. Aikin sati biyu yana ciki, mai fili sai kirana yake. Mai gyara ya ce a yi fomatin. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, awonka yana nan cikin na'ura, kuma fomatin ba zai yi maganin komai ba.

Buɗe Device Manager, wato wurin da Windows ke jera kayan da aka jona wa kwamfuta, ka duba ƙarƙashin Ports. Idan ka ga alama mai ruwan ɗorawa da Code 10, ko rubutun cewa an daina PL2303HXA (ƙwaƙwalwar da ke cikin wasu adaftoci) tun 2012, to matsalar daga adaftar ce. Kamfanin Prolific da ya ƙera ta bai ba wannan tsohuwar ƙwaƙwalwa direba (manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da ita) ba daga Windows 8 zuwa sama, ga jabunta sun cika kasuwa. Ka sayi adafta mai ƙwaƙwalwar kamfanin FTDI ka huta. In babu alamar, duba lambar tashar, wato lambar COM da Windows ta ba adaftar. Tsofaffin manhajoji da yawa ba sa wuce COM4, Windows kuwa sai ta ba ka COM11. Shiga Advanced a saitin tashar ka mayar da ita COM2, ka daidaita saurin aikawa da na na'urar, misali 9600.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da za a ce maka gaba: wai a kashe tantance sa-hannun direbobi, wato binciken da Windows ke yi don tabbatar da asalinsu, a zuba maka tarin direbobi daga filashin shago. Kullum sai an kawo min irin wannan kwamfutar. Malam, direba ba kamar sauran manhajoji ba ne, a can cikin zuciyar Windows yake aiki, babu abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ka ɗora ba tare da sanin asalinsa ba, ka miƙa masa makullin gidanka ne, har da taswirorin filayen mutane da aka ba ka amana. Kuma ko an kashe tantancewar, direban 32-bit ba zai taɓa hawa Windows 11 ba, domin ita 64-bit ce zalla. Mai gyaran ya karɓi kuɗinsa, kai an bar ka da shuɗin allo, alamar Windows ta rushe.

In duk ya ƙi, nemi tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, ka hana ta intanet tunda an daina sabunta ta a Janairun 2020, ka sauke awon, ka kwashe shi da filashi mai tsabta.