Toyota: Sunan da Ke Jikin Mota da Injin da Ke Cikinta

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan kamfani ɗaya suka tsaya, wato Toyota, don haka muka zaɓi huɗu da suka fi shafar mai shirin fitar da kuɗinsa.

Tambaya: Duk wanda na nemi shawararsa sai ya ce in sayi Toyota in huta. Shin wannan suna na gaskiya ne, ko talla ce kawai ta yi aiki?

Amsa: Malam, sunan na gaskiya ne, kuma ana iya bin sawunsa har tushe. Iyalin Toyoda injin saƙa suka fara ƙerawa a Japan. A 1924 Sakichi Toyoda ya kammala wani inji da ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 aka sayar da haƙƙin ƙirarsa ga kamfanin Platt Brothers na Ingila a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen mota a 1933, ya fitar da ƙirar AA a 1936, kamfanin motar ya tsaya da ƙafarsa a 1937.

Abin da ya sassaƙa halin kamfanin shi ne wahalar 1950. Bashi ya yi masa katutu, bankuna suka gindaya sharuɗɗa, aka sallami ma'aikata, aka shiga yajin aiki, Kiichiro ya sauka daga shugabanci. Odar manyan motoci da sojojin Amurka suka bayar lokacin yaƙin Koriya ce ta farfaɗo da shi. Tun da babu kuɗin jibge kaya a sito, jami'an kamfanin Taiichi Ohno da Eiji Toyoda suka tsara aiki ta yadda ba a kawo wani ɓangare sai lokacin da za a ɗaura shi. Amfanin wannan ga mai saye shi ne, idan aka kawo ɓangare mai matsala nan take ake gani, babu tulin kaya da zai ɓuya a ciki. Suka kuma ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya kira shugabansa, har a tsayar da layin haɗa mota, idan ya ga noti bai zauna ba. Tunanin injin saƙar nan ne aka kai masana'antar mota.

Ba su fara da sa'a ba a waje. Crown ɗin da suka kai Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ba ta da ƙarfin manyan titunan can, tana zafi, dole suka janye ta. Corolla ta zo a 1966, kuma zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50. A 2008 suka wuce General Motors a yawan ciniki a duniya.

Akwai hali na biyu da ba a cika ambata ba: ba sa gaggawar canji. Inji ɗaya sai su yi shekara goma ko fiye suna saka shi a motoci iri-iri, kuma ba sa matse shi ya ba da iyakar ƙarfinsa. Shi ya sa kayan gyara suke wadace, makanikai suka san shi ciki da bai. Kuɗin wannan hali kai ma za ka biya: sabuwar fasaha kan iso gare su a makare, cikin motar sau da yawa ba shi da ƙawar na abokan hamayya, ta hannu kuma tana tsada saboda kowa ita yake nema. Idan motar da za ka daɗe da ita kake so, shawarar da aka ba ka tana kan hanya. Sai dai ka karanta amsa ta gaba kafin ka biya, domin a cikin gidan nan ma akwai injunan da suka ba da kunya.

Tambaya: An nuna mini Camry biyu na hannu, ɗaya 2008 mai inji 2.4, ɗaya 2011 mai 2.5. Ta 2008 ta fi kyan jiki kuma ta fi sauƙi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, bar kallon fenti tukuna, buɗe bonet. Injin 2.4 ɗin shi ne 2AZ-FE, kuma na shekarun 2007 zuwa 2009 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Dalilin yana jikin fistin. Akwai ƙananan ramuka a bayan ringin da ke share mai daga bangon silinda, ta nan man ke komawa ƙasa. Idan gawayin mai ya toshe ramukan, ringin ya maƙale, sai man ya haura ɗakin ƙonewa ya ƙone tare da fetur. Kamfanin da kansa ya amince da matsalar, ya sa ma'auni: injin da ya sha abin da ya kusa lita ɗaya a tafiyar kimanin kilomita 1,900 ya cancanci gyara. Gyaran kuwa sauke inji ne, a sa sabbin fistin da ringi. Zuba mai mai kauri yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, ba ya buɗe ramin da ya toshe.

Haɗarin shi ne motar ba ta kuka. Tana tafiya lafiya lau, babu ɗigo a ƙasa, man yana raguwa a hankali. Fitilar mai ta dashbod ƙarfin turin mai take aunawa, ba yawansa ba, don haka kafin ta kama an riga an makara, metal ya fara ci.

Ga yadda za ka gwada. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa, domin mai sayarwa da ya ɗumama mota kafin ka iso akwai abin da ba ya so ka ji. Zaro sandar awon mai ka ga inda ya tsaya. Buɗe murfin zuba mai ka haska tocila ciki: ƙarfe mai ruwan zuma alama ce ta sabis a kan kari, baƙin abu mai danƙo kamar kwalta kuwa alamar sakaci ce. A tayar, a bar ta a silo minti goma, sannan wani ya taka totur kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Ka sa a kwance fulogi huɗun, wanda bakinsa ya jiƙe da mai ko ya tara farin ɓawo mai kauri ya ba ka labarin silindarsa. Idan mai motar ya ce an riga an canza fistin, ya kawo takarda. Magana ta baki a nan cinikin biri a sama ne.

Injin 2.5, wato 2AR-FE, ya shiga Camry ta Amurka daga ƙirar 2010, kuma ba a san shi da wannan ciwo ba. Idan tafiyarsu da tarihin sabis ɗinsu sun yi kusa, ta 2011 za mu ɗauka ko da jikinta bai kai na ɗayar ba. Duka biyun sarƙar taimin gare su, babu bel da za ka riƙa lissafin canzawa. Giyar mai hawa shida da ke tare da 2.5 ba ta da sandar awo, man giya na Toyota mai suna WS take sha, kuma ana daidaita yawansa ne a wani takamaiman zafi, don haka kada ka bari a zuba mata kowane jan mai da ido. Wanda ke duba ƙirar 2012 zuwa 2014 ya tuƙa ta a hankali tsakanin gudun kilomita 40 da 80 a awa, ƙafa sama-sama a kan totur. Idan ta yi karkarwa, matsalar kwambata ce, wato abin da ke haɗa inji da giya, da aka sani a waɗannan shekarun.

Tun da muna nan, masu sha'awar silinda shida su riƙe abu biyu. Tsohon 3.0, 1MZ-FE, na 1997 zuwa 2002 yana daskarar da mai idan aka ja lokacin sabis, kuma bel gare shi da ake canzawa a kusan kilomita 145,000, tare da famfon ruwa a aiki ɗaya. Shi kuwa 3.5, 2GR-FE, inji ne nagari ƙwarai, amma na farko-farkonsa suna da bututun mai da aka haɗa da guntun roba a tsakiya. Robar na iya fashewa ta zubar da man inji cikin 'yan mintuna. Akwai bututun ƙarfe zalla da ya maye gurbinsa. Ka duba ko an sa, in ba a sa ba shi ne aikinka na farko.

Tambaya: An ce mini wadda aka ƙera a Japan ce kaɗai ta asali. Kuma na ji an taɓa mayar da miliyoyin motocinsu saboda haɗari. 'Ya'yana zan riƙa ɗauka, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, batun ƙasa ba shi da wuyar ganewa. Lambar shasi mai harafi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa. Idan ta fara da J Japan ce, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, SB1 Birtaniya, NMT Turkiyya, MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu. Amma kada wannan ya zama ma'auninki. A 1982 General Motors ta rufe masana'antarta ta Fremont a Kalifoniya, wadda ta yi suna wajen fitar da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da yawancin tsofaffin ma'aikatan nan, ingancin ya tashi har ya kusa na Japan. Tsarin aikin ne ya canza. Motar da aka haɗa a Kentaki ta Amurka aka kula da ita ta fi ta Japan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da kika ji game da kiranye, wato kamfani ya kira motoci a mayar masa ya gyara, gaskiya ne, kuma ba za mu sassauta shi ba. A 2009 da 2010 an kira miliyoyin motoci kan abu biyu: shimfiɗar ƙasa da ke danne totur, da fedar totur da ke maƙalewa. An rasa rayuka. Akio Toyoda, jikan Kiichiro kuma shugaban kamfanin a lokacin, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010, kuma a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 bayan ya amince ya ɓoye wa jama'a abin da ya sani. A Disamban 2023 Daihatsu, wanda mallakinsu ne, ya dakatar da fitar da motoci gaba ɗaya saboda maguɗi a gwajin lafiya, ciki har da wasu da ake sayarwa da tambarin Toyota. Kamfanin da ya ginu a kan tsayar da layi idan an ga aibi ya kasa jan igiyarsa a waɗannan lokutan.

Ga uwa mai ɗaukar yara, wanda ya fi gaggawa shi ne jakar iska ta kamfanin Takata, da ke cikin motocin kamfanoni da dama, har da Corolla da Yaris na shekarun 2000. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima, idan aka yi karo sai gwangwaninsa ya tarwatse ya watso ƙarfe ga na cikin mota. Tsufan mota ƙara haɗarin yake yi. Akwai kuma kiranyen 2020 kan famfon fetur na Denso, galibi a ƙirar 2018 da 2019, wanda farfelarsa ke kumbura har mota ta mutu ana cikin tafiya. Ki ba dillalin kamfanin lambar shasi ya duba ko akwai kiranyen da ba a yi ba; a ƙa'ida kyauta ake gyaran. Kada ki ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa a gefen direba, kuma ki tabbata ƙugiyoyinta sun riƙe ta. Idan totur ya taɓa maƙalewa a kowace mota, ki danne birki da ƙarfi ba tare da ɗagawa ba, ki mayar da giya N, ki gangara gefe, sannan ki kashe.

Tambaya: Prius ta hannu tana burge ni saboda ƙarancin shan mai, amma ana tsorata ni da batirinta.

Amsa: Tun 1997 suke wannan fasaha ta haɗa injin fetur da na lantarki a mota ɗaya, kuma tana cikin abin da suka fi ƙwarewa a kai. Motar ba ta da kik na daban, ba ta da altaneta, birkinta yana daɗewa domin injin lantarki ne ke yin yawancin rage gudu. Batirin ƙirar 2004 zuwa 2015 guntaye 28 ne, kowanne bolt 7.2, jimilla 201.6. Abokan gabarsa biyu ne, zafi da ajiya. Akwai fanka da ke zuƙo masa iska ta wata kafa a gefen kujerar baya. Idan ƙura da gashi suka toshe ta, batirin yana dahuwa a hankali. Motar da ta yi watanni a ajiye ta fi ba mu tsoro a kan wadda ta yi doguwar tafiya kullum.

Kada ka saya sai an jona kwamfuta. Za ta nuna batirin a rukuni 14. A tuƙa ana kallo, lambobin bolt na rukunan su riƙa hawa da sauka tare. Rukunin da ke faɗuwa ƙasa da sauran idan an taka totur shi ne mai mutuwa, idan kuwa kwamfutar ta nuna lambar matsala P0A80, ta riga ta yanke hukunci cewa batirin na canzawa ne. A duba ko ba a daɗe da goge lambobin matsala ba, kwamfutar tana nuna hakan. Canza guntu ɗaya faci ne, tun da sauran 27 ɗin shekarunsu ɗaya da shi. A ƙirar 2010 zuwa 2015 ka kula da injin fetur ɗin ma: hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin inji tana toshewa da gawayi, abin da kan kai ga ƙonewar gaskit. Alamarsa girgiza mai ƙarfi idan an tayar da safe, da ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Wayoyi masu ruwan lemo kuma ƙarfin lantarkinsu yana kisa, kada kowa ya taɓa su sai wanda ya koyi aikin, da safar hannu ta musamman, bayan an zare fulogin katse batirin.