Tsohon Fanshon Raba Riba a Ingila: Abin Dubawa Kafin a Kwashe Kuɗi

Wani dattijo mazaunin Birmingham, ɗan shekara 62, ya ce tun 1987 yake zubi a fanshon raba riba na wani kamfanin inshora. Yanzu yana so ya kwashe kuɗin duka ya ƙarasa gininsa a Kano, yana tambaya ko akwai asara.

Alhaji, asara na iya faruwa, babba ma kuwa, don haka ka dakata da sa hannu.

A wannan tsari kamfani na haɗa kuɗin jama'a ya juya, ya ajiye wani abu daga ribar shekarun albarka don cike giɓin shekarun faɗuwa. Garaɓasa biyu ce. Ta shekara-shekara, da zarar an ɗora ta, ba a janyewa muddin ka kai ranar ritayar da ke cikin yarjejeniyar. Ta ƙarshe kuwa babu alkawari a kanta, kamfani na iya rage ta ko soke ta. Idan ka fita kafin ranar, ana iya zaftare maka wani kaso da takardun ke kira MVR, musamman in kasuwa ta faɗi. Galibi ba a yin wannan yanka a ainihin ranar ritaya ko bayan rasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne GAR, alkawarin kason da za a riƙa biyanka duk shekara har ƙarshen rai. Yarjejeniyoyi da yawa na shekarun 1970 da 1980 na ɗauke da shi, sau da dama kashi 9 zuwa 11 cikin ɗari. Misali, in ka tara fam 40,000 kuma alkawarinka kashi 10 ne, za ka riƙa karɓar fam 4,000 a shekara. A kashi 7, wanda ya fi kusa da farashin kasuwa na 'yan shekarun nan, fam 2,800 ne. Nauyin irin wannan alkawari ne ya durƙusar da kamfanin inshora na Equitable Life bayan hukuncin Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, a 2000. Ranar da ka kwashe kuɗin ko ka mayar da su wani kamfani, alkawarin ya tafi. Yana kuma zuwa da sharuɗɗa: wani sai a shekara 60 ko 65 cif, wani bai haɗa da biyan iyali bayan ranka ba. Shi ya sa doka ta ce in darajar fanshon da ke ɗauke da irin wannan alkawari ta haura fam 30,000, sai ka ga mashawarcin da FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta yi wa rajista kafin a sake maka kuɗin.

Ka rubuta wa kamfanin, ka nemi amsa a takarda, ban da ta waya: akwai GAR, kashi nawa, a wace shekara? Wace rana ce babu MVR? Nawa ne tabbatacce a cikin kuɗin, nawa ne garaɓasar ƙarshe? In sunan kamfanin ya ɓace, mai yiwuwa saye shi aka yi. Norwich Union ya koma Aviva, Scottish Life na hannun Royal London, Equitable Life kuma ya koma Utmost a 2020. Pension Tracing Service, ofishin gwamnati mai taimakawa wajen gano inda fansho yake, kyauta ne, haka ma ganawar neman bayani kan fansho ta Pension Wise ga wanda ya kai shekara 50.

Batun haraji: kashi 25 ne kawai ke fita ba haraji, sauran ana haɗa shi da albashinka na shekarar, wanda zai iya jefa ka cikin masu biyan kashi 40. Duk wanda ya ce zai kai maka fanshon zuwa Najeriya, ka fara duba jerin tsare-tsaren ƙetare da hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ke wallafawa, domin tura kuɗi wurin da ba a amince da shi ba na iya cin harajin kashi 55.

Shawarata, in akwai GAR mai tsoka, ka jira shekarar da aka gindaya, ka tambaya ko za ka iya ɗaukar rubu'in nan don gini ba tare da ɓata alkawarin sauran ba. Kafin ka koma gida kuma, ka sabunta adireshinka da takardar sunayen magada, ka tabbatar ko suna biya a asusun bankin Najeriya.